Yadda Mahrukh Ta Rasa Muryarta

Akwai wata 'yar fim da aka yi a nan Lahore, tun kafin talabijin ta shigo gidajen mutane, ana ce da ita Mahrukh. Wata tsohuwar maƙwabciyata da ta yi ɗinkin kayan 'yan fim a wancan zamanin ita ta ba ni labarinta, kuma tun da na ji shi ya ƙi fita daga raina. Shi ya sa na ce bari in kawo muku, musamman mu iyaye mata.

Mahrukh ba ta fi sauran 'yan matan kyau ba. Murya ce Allah ya ba ta. A wasan kwaikwayon rediyo ta fara, daga nan masu fim suka ɗauke ta. Waƙoƙi kam wasu mawaƙa ke rera mata, ita baki kawai take motsawa kamar kowa. Amma in aka zo wurin magana, sai ka ji sinima ta yi tsit, ƙattin maza masu tuƙa keken doki suna share hawaye da gefen rawani.

Mahaifinta ya rasu tana ƙarama. Da muryar nan ake ci ake sha a gidansu, da ita ƙannenta ke zuwa makaranta.

Uwarta sunanta Hashmat Bibi. A lokacin, 'yar fim mai mutunci ba ta zuwa wurin aiki ita kaɗai, sai da uwa ko gwaggo. To Hashmat Bibi ta wuce rakiya, gadi take yi. Kujerarta na bayan kyamara, a kan cinya akwatin pan, ganyen da ake naɗewa da kayan ƙamshi a tauna kamar goro, ɗan tulun ruwa a ƙarƙashin kujera. Ba mai miƙa wa Mahrukh ko ruwa. Pan ɗin da za ta tauna bayan abinci kuwa, uwar ce ke naɗe shi da hannunta.

Dalilinta kowa ya sani. An daɗe ana faɗa tsakanin mawaƙa da 'yan fim cewa in mai hassada ya zuba maka sindur a cikin pan, jan garin nan da matan Hindu ke shafawa a tsagar gashi, ka tauna, muryarka ta tafi kenan. Kuma ba za ka gane ba, tunda pan dama ja yake mayar da baki. Kowa yana da sunan wata mawaƙiya da aka ce an yi wa haka. Wanda ya gani da idonsa ne babu.

Darakta Mirza Sahib yakan tsokane ta.

"Hashmat Bibi, ruwan alwalarta ma sai kin ɗanɗana?"

"Da zan iya, iskar da take shaƙa ma sai na tace, Mirza Sahib. Kai fim ɗinka kake gadi, ni 'yata."

Ana nan sai aka kawo wata sabuwar yarinya daga Sialkot, Nuzhat, za ta fito a matsayin ƙawar Mahrukh a sabon fim. Yarinya ce mai surutu da dariya, ga ta da baiwar kwaikwayon muryar mutane. Tun lokacin gwaji ta kwaikwayi mai gadi, ta kwaikwayi Mirza Sahib yana masifa. Wata rana kuma ta ɗaga kai ta yi magana da muryar Mahrukh sak, har mai kyamara ya waiga yana neman inda Mahrukh take.

Kowa ya yi dariya, har ita Mahrukh. Hashmat Bibi ce kaɗai ba ta yi ba.

A hanyar gida ta ce, "Yarinyar nan ba ta yi mini ba."

"Haba Ammi, wasa ne fa."

"Wasa? Ta zauna ta koyi muryarki kaf, har yadda kike jan numfashi, ki ce mini wasa? Me za ta yi da ita?"

Ranar buɗe aikin fim ɗin an taru. 'Yan jarida, masu hoto, ana ta raba kayan zaƙi. Hashmat Bibi ta shiga wani ɗaki ta yi la'asar. A daidai lokacin aka zo wucewa da faranti cike da pan. Nuzhat ta ɗauki ɗaya ta kai bakin Mahrukh tana dariya.

"Baji, buɗe baki. Yau daga hannun ƙanwarki za ki ci."

Mahrukh ta ɗan ja baya. Masu hoto suka ɗaga kyamarori suna cewa, "Haka, haka, ku tsaya haka!" Ta ga in ta ƙi a gaban jama'a, gobe jarida za ta ce Mahrukh girman kai gare ta. Ta buɗe baki ta karɓa.

Da uwar ta fito ta ga leɓen 'yarta ja, sai carbi ya faɗi daga hannunta.

"Wa ya ba ki?"

"Ammi, mutane na kallo..."

"Na ce wa ya ba ki?"

Ranar sai da ta sa Mahrukh ta yi ta kurkure maƙogwaro da ruwan gishiri har ta yi amai.

To jama'a, abin da zai faru sai ya faru. Ba a yi nisa da aikin ba muryar Mahrukh ta fara dishewa. Da farko da safe ne kawai. Daga baya sai tana tsakiyar magana murya ta tsinke, a tsayar da aiki, a sake. Aka ce mura ce. Mura ta wuce, dishewa ba ta wuce ba.

Hashmat Bibi ba ta ce komai a fili ba tukuna. Ido kawai ta sa wa Nuzhat. In yarinyar ta yi dariya, ta ce dariyar mugunta ce. In ta yi shiru, ta ce laifinta ne ke cinta.

Wata rana Nuzhat ta shigo ɗakin kwalliya ta same su su biyu. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta.

"Baji, don Allah kar ki ji haushina. Dishewar nan taki ba ta mura ba ce. Babana ladan ne, haka tasa ta fara. Muka yi ta ba shi zuma da citta, sai da abu ya yi nisa muka kai shi asibiti. Akwai likitan da ke leƙa maƙogwaro da ɗan madubi. Ki je ya duba ki, ko gobe ne."

Mahrukh ta buɗe baki za ta yi magana, uwar ta riga ta.

"Mun gode, likita. Yaushe kika gama karatun?"

"Khala, ni dai..."

"Ni ba Khalarki ba ce, ban haɗa jini da uwarki ba. Ja mana ƙofar."

Da ta fita, Hashmat Bibi ta matso kusa da 'yarta tana magana ƙasa-ƙasa.

"Kin ji ko? Kowa na cewa mura, ita kaɗai ta ce ba mura ba ce. Ta yaya ta sani in ba ita ta zuba ba? Yanzu so take ki je asibiti a yanka miki wuya, ta ƙarasa abin da ta fara."

Mahrukh ta bi maganar uwarta. Ba ta je asibitin ba.

Da ƙyar aka gama ɗaukar fim ɗin. A 'yan kwanakin nan Hashmat Bibi ta lura da wani abu. Sau da yawa takan ga Nuzhat tana fitowa daga ɗakin ɗaukar sauti ita da Mirza Sahib, kuma da sun hango ta sai su canja hanya. Ta tambayi mai kula da ɗakin, ya ce shi bai san komai ba, yana magana yana kallon ƙasa. Wallahi ko ni ce a wurin, zuciyata sai ta raya mini wani abu.

Aka kira manyan 'yan wasa su zo su kalli fim ɗin a ƙaramin ɗaki kafin a kai shi sinima. Aka kashe fitila. Ga Mahrukh a jikin farin ƙyalle, ta buɗe baki, murya ta fito garau, mai daɗi, babu ko ɗigon dishewa.

Sauran mutane ba su ji komai ba. Uwa kuwa ta san muryar da ta raina tun tana kukan jarirai. Ta damƙe hannun 'yarta.

"Wannan ba ke ba ce."

"Ammi, yi shiru don Allah."

"Ba ke ba ce! Ita ce!"

Ta tashi ta fita. Lokacin cin abincin rana ne, filin situdiyo cike da mutane, ma'aikata, 'yan wasan wasu finafinai, masu kuɗin fim, har da 'yan jarida da ke yawon neman labari. Nuzhat na zaune a kan benci tana cin gurasar roti da miyar wake. Hashmat Bibi ta tsaya a kanta.

"Ɓarauniya! Ku zo ku ga wadda ta ba 'yata sindur a pan! Ta kashe mata murya, ta sa tata a bakinta! Ku shiga ku saurara, duk maganar da ke fim ɗin nan ba Mahrukh ba ce, wannan munafukar ce. 'Yata yanzu ko sallama ba ta iya yi a ji ta!"

Kowa ya waigo. Nuzhat ta miƙe, roti a hannu.

"Khala, ki ji tsoron Allah..."

Mirza Sahib ya iso da gudu, hularsa a hannu. Ya ja Hashmat Bibi gefe, amma ransa ya ɓaci har bai iya rage murya ba.

"Baiwar Allah, kin san abin da kika yi? Ni na roƙi yarinyar nan ta ɗora murya. Ta ƙi, sai da na yi ta lallashi. Da ta yarda, sharaɗinta ɗaya: kar a sa sunanta, kar kowa ya ji, don kar masu kuɗi su gane muryar Mahrukh ta samu matsala su janye mata aiki kafin ta warke. Mu uku muka san maganar nan, ni da ita da mai kula da ɗakin sauti. Yanzu ke da bakinki kin sanar da Lahore duka."

Hashmat Bibi ta dube shi sama da ƙasa.

"Ashe da kai aka haɗa baki."

Kun ga irin abin da nake tsoro ke nan. In zargi ya riga ya zauna a zuciya, duk bayanin da aka kawo sai ya zama ƙarin hujja.

Washegari labari ya cika jaridun fim, da hoton nan na ranar buɗe aiki, Nuzhat na sa wa Mahrukh pan a baki tana dariya. Masu finafinan da suka yi alkawari da Mahrukh suka fara aiko da uzuri, ɗaya bayan ɗaya. Wa zai zuba dukiyarsa a kan jarumar da ba ta da murya?

Nuzhat kuwa nata ya fi muni. In ta zauna a benci, mutane su ɗauke kwanukansu. Manyan jarumai mata suka ce ba za su yi aiki a inda take ba. Ba a kore ta da baki ba, kiranta kawai aka daina.

Hashmat Bibi ta shiga neman maganin fitar da sindur. Wannan mai magani ya ba da jiƙo, wancan ya ba da turare, wani ya ce a kai tsohon mayafin yarinyar da ta yi aikin. Kowa ta je wurinsa sai ya tabbatar mata abin da ta zo da shi. Aka sayar da mota, aka sayar da awarwaro. Damina ta wuce, sanyi ya shigo. Muryar Mahrukh ta koma kamar ana jan tsintsiya a kan tabarma.

Wata safiya tana shan shayi sai ta shaƙe. Numfashi ya ƙi shiga. Maƙwabta ne suka ɗauke ta a keken doki zuwa babban asibiti, uwar na biye ba takalmi.

Bayan an samu numfashi ya daidaita, likitan maƙogwaro ya leƙa da madubinsa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya kira uwar.

"Ƙari ne ya fito mata a kan igiyar murya. Ya girma ƙwarai. Dole a yi tiyata."

"Sindur ne ya jawo shi, Dakta Sahib. An ba ta a pan."

Likitan ya cire tabarau. "Bibi, ni ban san wannan ba. Abin da na sani, ƙarin nan ya daɗe. Ba abin bana ba ne, ba na bara ba. Yaushe aka ba ta pan ɗin?"

Ta faɗa masa.

"Ya riga pan ɗin zuwa da nisa. Da kun zo lokacin da dishewar ta fara damunta, ɗan abu ne za mu cire ta koma aikinta. Yanzu ranta za mu ceto. Muryar, ba na yi miki alkawari."

Hashmat Bibi ta koma bakin gadon 'yarta, ta zauna, har yanzu ba ta gama yarda ba.

"Likitocin nan ma ai ana saye su," in ji ta.

Mahrukh ta kamo hannunta ta jawo ta kusa, don sai an kara kunne ake jin ta.

"Ammi, gaskiya ya faɗa. Tun kafin Nuzhat ta zo Lahore nake jin abu a wuyana da safe."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Tsoro. Na san za ki ce wani ne. Za ki hana ni fita, ki kori mai wanki, ki yi faɗa da kowa. Da kika ce ita ce, sai na yi shiru. Ni ma na fi son a ce wani ne ya yi mini, da a ce ciwo ne a jikina."

Nan ne Hashmat Bibi ta rufe fuska da mayafi.

Aka yi tiyata, Allah ya sa ta tashi. Muryar da aka sani kam ba ta dawo ba. Abin da ya rage wata 'yar murya ce ƙasa-ƙasa, mai kaushi, wadda ba ta wuce tsawon ɗaki.

A lokacin an buɗe gidan talabijin a garin. 'Yan fim raina shi suke, suna cewa wurin waɗanda kasuwa ta ƙi ne. Can Nuzhat ta samu ɗan aiki, tana fitowa a wasannin da ake nunawa kai tsaye. Can Hashmat Bibi ta je ta same ta, ta jira a bakin ƙofa har ta fito.

Nuzhat na ganinta ta tsaya cak.

"Yau kuma me na zuba wa wa?"

"'Yata, na zo neman gafara. Likita ya ce..."

"Na ji abin da likita ya ce. Abin da na faɗa ne aka ce in ja ƙofa." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Kin san an fasa aurena? Uwar mijin ta ce ba za ta ci abincin hannuna ba. A Sialkot, in ana biki ba a barin Ammina ta taɓa tukunya. Ita me ta yi?"

Hashmat Bibi ta durƙusa za ta kama ƙafarta. Nuzhat ta ja baya.

"Tashi, Khala, kin haife ni. Amma ba a nan kika zage ni ba. A inda kika faɗa, can za ki je ki warware."

Ta kuwa je. Tsohuwa ta tsaya a tsakiyar filin situdiyon nan lokacin abincin rana, ta ɗaga murya.

"Jama'a, ni ce Hashmat Bibi, uwar Mahrukh. Ƙarya na yi wa Nuzhat. Ba ta ba 'yata komai ba. Ciwo ne daga Allah. Ita ce ma ta ce mu je asibiti na ƙi."

Wasu suka saurara, wasu suka ci gaba da cin abincinsu. Ta ji wani a bayanta yana cewa, "An biya tsohuwar ke nan." Jaridun da suka buga zargin da babban hoto, guda ɗaya ce ta kawo warwarewar, ita ma a wani lungu ƙasan tallar sabulu.

Duk da haka Nuzhat ta ce ta yafe. Ba ƙawance suka koma ba, kar in yi muku ƙarya. Amma ita ce ta je ta samu mai shirya wasanni ta ce masa a talabijin ba sai an ɗaga murya ba, makirufo na kusa, kuma babu wanda ya kai Mahrukh iya magana da ido. Aka gwada ta, aka ɗauke ta.

Haka Mahrukh, tana da sauran ƙuruciyarta, ta koma fitowa a matsayin uwa, ko gwaggo, ko bazawara mai ciwo. Ta yi shekaru tana yi, da shi ta ƙarasa karatun ƙannenta. Jaruma kam ba ta sake zama ba. Nuzhat ma ta yi suna a talabijin, ta yi aure daga baya. Amma maƙwabciyata ta ce har Nuzhat ta tsufa, in ta fito a akwatin, sai ka ji wata a ɗaki ta ce, "Ba ita ce ta ba wance sindur ba?"

Su Hashmat Bibi ba su da talabijin, sai ta je gidan maƙwabta kallo. Yara na zaune a baya suna jin komai. Ita kuwa kunnenta ya yi nauyi, muryar kuma ga yadda ta koma. In Mahrukh ta fito, sai tsohuwar ta ja jiki har gaban akwatin, ta manna kunnenta a jiki, tana tambayar yaran, "Me ta ce? Ku gaya mini, me 'yata ta ce?"

Darasi: Zargi ba tsaro ba ne. In ciwo ya zo, a fara da asibiti kafin a fara neman wanda ya yi. Wanda ya gaya maka gaskiya mai ɗaci ba lallai maƙiyinka ba ne, kuma sunan mutum in ka ɓata shi a bainar jama'a, ko ka dawo ka warware ba duka zai gyaru ba. Mu iyaye kuma mu yi hattara, kar tsoronmu ya yi yawa har 'ya'yanmu su riƙa ɓoye mana abin da ke damunsu. Don Allah ku tura wa 'yan uwa da ƙawaye, wataƙila akwai wata uwar da ke buƙatar jin wannan yau.